Wane lensin zum mai sauƙin kuɗi zan saya wa kyamarar fim ɗina?

Tambaya: Salam. Kawuna ya bani kyamarar fim, Canon EOS 300, amma lensin da ke jikinta 35-80 ne kuma cikinsa ya yi hazo. Ina son zum guda ɗaya da zan riƙa yawo da shi, hotunan gida, biki, tafiya, kuma kuɗina ba yawa. An nuna min 28-80 da 28-105 da wani 28-200, sannan yayana yana da 18-55 na Canon ɗinsa ta dijital ya ce in ara. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka wa kawu da alheri, kyamara mai kyau ya baka. In a gajarce kake so toh cikin huɗun nan 28-105 ɗin zaka ɗauka, amma da sharaɗi biyu, na farko ya zama wanda aka rubuta 1:3.5-4.5 a jikinsa ba 1:4-5.6 ba, na biyu ka duba shi da idonka da tocila kafin ka miƙa kuɗi. Sauran bayanin yana da ɗan tsawo, ka daure ka bi shi, don fim yanzu ba araha gare shi ba kuma mugun lensi fim yake ci.

Mu fara sallamar na yayanka. Wannan 18-55 ɗin bazai hau kyamararka ba sam, kar ma ka matsa masa da ƙarfi. Canon ta fito da bakin EF, wato irin wajen ɗaura lensi da ke jikin kyamararka, a 1987, kuma duk lensin EF na Canon daga lokacin zuwa yau zai hau EOS 300 ya yi aiki, amma a 2003 sai suka fito da wani reshe mai suna EF-S don kyamarorin dijital masu ƙaramin sensa, wajen 22 da 15 a milimita, alhali fim ɗinka 36 ne da 24. Hasken da EF-S ke jefawa baya cika faɗin fim, sannan bayansa ya ɗan kutsa ciki yadda madubin kyamarar fim zai iya dukansa, shi yasa suka yi shi yadda bazai ɗauru ba. Gane su ba wuya, dubi wajen ɗaurawa, jan ɗigo EF ne naka ne, farin murabba'i EF-S ne ba naka bane. Inda ake samun matsala shi ne lensunan wasu kamfanoni, Sigma da aka rubuta DC, Tamron da aka rubuta Di II, Tokina mai DX, waɗannan zasu ɗauru lafiya lau kamar ba komai, sai an wanko fim kaga kusurwoyin hoton duk sun yi baƙi. A Sigma DG kake nema, a Tamron Di kawai ba II. Haka nan in an kawo maka tsohon Canon mai rubutun FD, na zamanin kyamarar AE-1, shima ba naka bane duk da sunan Canon a jiki, kuma adaftar da ake haɗa su da ita tana da ƙarin gilashi da ke lalata hoto, kar ka sa kuɗinka a nan. RF da EF-M na sababbin kyamarori marasa madubi su ma a'a.

Toh yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai, don shi ne ya raba mai fim da mai dijital wajen zaɓen lensi. Mai dijital in wuri ya yi duhu sai ya murɗa ISO, wato lambar ƙarfin kama haske, ya kai 3200 ko 6400 ya ci gaba da harkarsa. Kai kuwa da zarar ka loda Kodak Gold 200 ko Ultramax 400 shikenan, a wannan lambar zaka zauna har hoto 36 ɗin su ƙare, babu inda zaka samo ƙarin haske sai ta ƙofar lensi ko filasha. Shi yasa nake ce wa duk mai sayen lensin fim ya karanta lambobin f, masu nuna girman ƙofar haske (ƙaramar lamba, haske mai yawa), kafin ya karanta na milimita, masu nuna faɗi da nisan da lensi ke ɗauka, mutane kuwa akasin haka suke, 200 ɗin nan ce take fara jan idonsu.

Bari in baka lissafi kaga zahiri. Ɗauki falo na gida da daddare mai ƙwan lantarki daidai misali, ka sa fim 400. A f/5.6 kyamara zata baka gudun shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga fim, wajen 1/8 na daƙiƙa, a f/4 wajen 1/15, a f/2.8 wajen 1/30, a f/2 kuma wajen 1/60. Ƙa'idar riƙe kyamara da hannu kuwa ita ce kada gudun ya gaza ɗaya bisa tsawon lensin, wato in kana kan 28 kana son 1/30, in kana kan 105 kana son 1/125. Kaga kenan mai 28-200 da ya zuƙo zuwa 200 a f/5.6 yana buƙatar 1/250 amma ɗakin 1/8 yake bashi, ninki talatin kenan tsakanin abin da yake so da abin da ya samu, hoton rawa kawai zai yi. Wannan 200 ɗin sai da rana tsaka a fili take amfani, kuma ko a nan ɗin ƙarshen zum ɗin shi ne inda ya fi rauni, hoto baya fitowa tar, gefe yana yin taushi, layukan gini suna lanƙwasa. Tamron ce ta yayata irin wannan 28-200 ɗin a 1992 kuma ya sayu sosai a wajen matafiya don sauƙin ɗauka, ban ce shara bane, amma duk lensin da aka ce ya yi ninki bakwai da kuɗi kaɗan toh wani wuri aka rage, kuma ingancin hoto aka rage. Masu kaiwa 300 da ke ƙarewa a f/6.3 sun fi muni, don otofokas ɗin EOS an gina shi ne a kan f/5.6 ko abin da ya fi shi haske, zaka ji lensi yana ta kai da komo yana neman saiti yaro ya riga ya tashi daga wajen.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, a kyamarar SLR ta cikin lensin kake leƙe, in lensi mai duhu ne abin da idonka zai gani ma duhu ne. EOS 300 dama tagar leƙenta ba mai haske bace sosai don da 'yan madubai aka haɗa ta ba dunƙulen gilashi ba, saboda a rage nauyi da kuɗi, toh ka ɗora mata f/5.6 a cikin ɗaki kaga wahala.

Gaskiya dai in faɗa maka, tsakanin f/4.5 da f/5.6 ba wani rami bane mai zurfi, hasken ya ƙaru ne da kamar rabi, bai kai ninki biyu ba. Amma yana aiki inda ake buƙatarsa. Ƙaramar filashar da ke kan kyamararka lambar ƙarfinta 12 ce a ISO 100, da fim 200 ta zama wajen 17, sai ka raba da lambar f ka samu nisan da take kaiwa: a f/5.6 mita uku, a f/4.5 kusan mita huɗu, a f/3.5 kusan biyar. A wajen biki wannan mita ɗayan ita ce tsakanin fuskokin layin baya su fito ko su nutse.

Sai maganar faɗi. 35-80 ɗin da kake da shi ko da bai yi hazo ba zan ce ka canza shi saboda 35 ɗin. In ka tsaya mita huɗu daga mutane, 35 yana ɗaukar faɗin wajen mita huɗu, 28 yana ɗaukar biyar da ɗan kai, 24 kuma shida. A ɗakunanmu da zaurukanmu inda bango ke bayanka baka da wajen ja da baya, wannan mitar mutum biyu ce da zasu shiga hoto ko a yanke su. A can ɗaya ƙarshen in abu ya yi maka nisa sau da yawa zaka iya takawa ka matsa, amma bango baya matsawa, don haka in za'a rage maka a rage a dogon ƙarshe kar a rage a faɗi. 105 kuwa ya fi 80 daɗi wajen hoton fuska, zaka tsaya nesa kaɗan mutum ya saki jiki, hanci baya kumbura, bayansa ya narke. Amma kar ka zaci zai kamo maka fuskar mahayi daga cikin taron hawan sallah, wannan aikin wani lensin ne daban, irin 70-210, kuma gara ka saye shi daban daga baya da ka cusa komai a guda ɗaya.

Shi wannan 28-105 f/3.5-4.5 USM ɗin ya fito a 1992, aka sabunta shi a 2000 da alamar II, gilashin ciki iri ɗaya ne don haka duk wanda ka samu mai lafiya ɗauki. Bakinsa ƙarfe ne, yana da 'yar taga mai nuna nisa, injin fokas ɗinsa irin zoben USM ne na gaske mai sauri kuma shiru, kana iya gyara fokas da hannu ba sai ka kashe otofokas ba, gabansa baya juyawa in yana saiti, filta 58 yake ci wadda ko'ina akwai ta, nauyinsa wajen giram 375 wanda ya dace da kyamararka da ita kanta bata kai giram 400 ba. An yi shi da yawa shekara da shekaru shi yasa na hannu yake da araha. Tarkon shi ne a 2002 Canon ta sake fitar da wani 28-105 ɗin, f/4-5.6, bakin roba, ba tagar nisa, an yi shi ne don a haɗa da kyamarori masu arha, sunan kusan ɗaya amma ba ajinsu ɗaya ba, kuma mai shago ba lallai ya san bambancin ba balle ya faɗa maka, shi dai 28-105 ya gani. Juya bayansa, in baƙar roba ka gani toh ba shi bane.

In baka same shi ba, EF 24-85 f/3.5-4.5 USM na 1996 ɗan uwansa ne, ginin iri ɗaya, ka rasa 105 ka samu 24, ni kam ga mai yawan ɗaukar gine-gine da kasuwa da cikin ɗaki har na fi son shi. Sai dai filta 67 yake ci, a 24 yana ɗan kumbura layuka, kuma filashar kan kyamararka iyakarta faɗin 28 ne, a 24 gefuna zasu yi duhu. Akwai 28-135 f/3.5-5.6 IS na 1998 mai na'urar hana rawar hannu, tana baka kamar mataki biyu, wato inda kake buƙatar 1/125 ka tsira da 1/30, kuma ga mai fim wannan ba ƙaramin abu bane. Amma ka sani hannunka take tsayarwa ba mutumin da kake ɗauka ba, in yaro ya juya kai a 1/30 fuskarsa zata goge duk da haka. Ya kai giram 540, yana zazzagowa da kansa in ka rataya shi, sannan yana shan batir, kyamararka kuwa CR2 guda biyu take ci waɗanda ba a kowane kanti ake samu ba.

28-80 ɗin da aka nuna maka fa? Suna da yawa, Canon ta yi ta sake shi har zubi biyar da ƙari. Na farkon, na 1991 mai bakin ƙarfe da tagar nisa, lensi ne na kirki, in shi ne kuma kuɗinsa ya yi ƙasa sosai ba laifi. Sauran na roba ne marasa nauyi, a f/8 da rana suna fitar da hoto mai kyau, kar wani ya raina maka su, amma ba abin da zaka biya kuɗi mai yawa a kai bane, irinsu ake bayarwa kyauta a jikin kyamara. Akwai wani tsoho kuma da ba a cika sani ba, 28-70 f/3.5-4.5 II na ƙarshen shekarun 1980, injinsa yana ƙara kuma gabansa yana shigewa ciki yadda sa filta ke da wahala, amma gilashinsa kaifi gare shi.

In kuɗinka zai iya miƙewa kaɗan, Tamron 28-75 f/2.8 na 2003 shi ne zum mai haske da talaka zai iya kaiwa gare shi, f/2.8 daga farko har ƙarshe, wajen giram 510, ninki huɗu na hasken f/5.6. Sai dai shi kam dole a gwada, don ana samun wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi. Masu jan zobe na Canon, wato L, suna da kyau ba musu, amma 28-70 f/2.8L kusan giram 900 ne a kan kyamarar da bakinta roba ne, kuma kuɗin guda ɗaya zai saya maka 28-105 da fim mai yawa da wankinsa. Tsofaffin Sigma na shekarun 1990 kuma ka yi hattara, da yawansu basa jituwa da kyamarorin EOS da suka fito bayansu, zai yi fokas lafiya, zai ɗauka in ƙofa a buɗe take duka, amma kana rage ta zuwa f/8 ka danna sai kyamara ta sandare, don haka Sigma sai an gwada a jikin taka kyamarar, ba a jikin ta mai shago ba.

Ga masu karantawa da kyamararsu ba EOS bace, tunanin ɗaya ne sunaye ne suka bambanta. Mai Nikon ya nemi AF 28-105 f/3.5-4.5D ko ƙaramin 28-70 f/3.5-4.5D, suna da zoben ƙofar haske don haka suna aiki a FM2 da FE da F3 kamar yadda suke yi a F80 da F100, amma mai harafin G ba zobe gare shi ba, a tsohuwar kyamarar manuwal a rufe zai zauna, DX kuma na ƙaramin sensa ne. Mai Pentax K1000 ya nemi Pentax-A 35-105 f/3.5 ko 35-70 f/4, ya guji FA J da DA don su ma ba zobe. Mai Minolta X-700 ko X-300 ya yi sa'a, MD 35-70 f/3.5 yana cikin zum mafi kyau na zamaninsa, har Leica ta sayar da wannan zanen da sunanta, amma a tabbata f/3.5 ne zalla ba 3.5-4.8 ba. Mai AE-1 ya nemi FD 35-105 f/3.5. Mai Yashica FX-3 ko wata wadda lensinta ke wuyar samu ya nemi Tamron SP 35-80 f/2.8-3.8 na tsarin Adaptall-2, wanda ake cire masa baki a sa na wata kyamarar. Ku masu manuwal lensi mai f guda ɗaya da baya canzawa in an zuƙo ya fi muku muhimmanci ma, don rababben da'irar nan ta tsakiyar tagar leƙe da kuke saiti da ita rabinta yana baƙi in lensi ya kai wajen f/5.6, sannan in filashar da ake lissafawa da hannu kuke amfani da ita, lensi mai canza f yana sauya muku lissafi duk lokacin da kuka zuƙo ba tare da zoben ya motsa ba.

Mu dawo kanka. Yawancin waɗannan lensunan sun haura shekara ashirin, wasu talatin, saboda haka lafiyar wanda ke hannunka ta fi sunan da ke jikinsa muhimmanci. Tsaftataccen 28-80 na roba ya fi 28-105 mai hazo, wannan ba shakka a ciki. Kuma in a ƙaramin kati zaka wanke hotunanka ko sikanin ɗin da ake turo wa mutum a waya, bambancin kaifi tsakanin lensuna masu lafiya a f/8 da ƙyar ido zai kama shi, amma hazo kowa zai gani, baƙi baya zama baƙi, kala ta koɗe, in akwai taga ko fitila a hoton sai farin ya malale ko'ina.

Ga yadda zaka duba. Ka tafi da kyamararka da batir mai rai, ba sai da fim ba. Cire murfin gaba da na baya, kunna tocilar waya ka haska ta baya kana kallo ta gaba a ɗan karkace, kar ka haska kai tsaye cikin idonka, sai ka juya ka haska ta gaba, ka yi haka a 28 ka yi a 105 don gilasan suna matsawa. Ƙura zaka gani dole, ba tsohon zum ɗin da ba ƙura, 'yan ɗigo-ɗigo basa fitowa a hoto kar su tsorata ka, sai dai ka yi ciniki da su. Abin gudu uku ne. Funfuna, wadda zaka gani kamar zaren gizo-gizo yana yaɗuwa daga gefe, wannan abu ne mai rai, in ya daɗe yana cinye rufin gilashin har ko an goge tabon yana nan. Hazo, wato fari-fari da ya lulluɓe gilashi gaba ɗaya, yawanci man ciki ne ya yi tururi saboda zafi ya kwanta, wani yana goguwa, wani kuma yana tsakanin gilasai biyu da aka manne ne ba mai iya kaiwa gare shi. Na uku rabuwar wannan mannen, zaka ga kalar bakan gizo ko wani ƙyalli a gefen gilashi. Duk wanda ka gani cikin ukun nan ajiye ka yi gaba, kar ka yarda da a rage maka kuɗi ka kai gyara, buɗe zum a mayar da shi daidai aiki ne mai wuya kuma kuɗin gyaran kan kai kuɗin lensin, wanda shi ne dalilin da yasa 35-80 ɗinka ma ban ce ka kai shi gyara ba. Ɗan karce a gilashin gaba da sauƙi, karce a gilashin baya shi ne matsala.

Sai ka ɗaura shi. Sa kyamara a Av, wato yanayin da kai ke zaɓar lambar f, kai lambar zuwa f/22, danna ɗan maɓallin da ke ƙasan bakin lensi na duba zurfin fokas kana kallon cikin lensin ta gaba, ya kamata 'yan ganyen ƙarfen su tsuke nan take su buɗe nan take, a bushe ba maiƙo, ramin kuma ya zama daidai ba a karkace ba. Yi haka a 28, a 50, a 105, don a lensunan EF akwai siririn kebul a ciki da ke lanƙwasa duk lokacin da aka yi zum, in ya fara tsagewa zaka ga yana aiki a wani tsawon yana ƙi a wani. Yi fokas a abu na kusa sannan na nesa sau da yawa, USM mai lafiya shiru yake, in kaji ƙiii ko yana tsayawa a hanya injin ya gaji. Murɗa zoben zum a hankali kaji ko akwai inda yake cijewa ko ƙarar yashi. Zuƙo shi duka ka ɗan girgiza gaban, ɗan motsi kaɗan al'ada ne a wannan lensin, amma in yana lilo a'a. Dubi zaren da ake ɗaura filta, in ya lotsa toh ya taɓa faɗuwa, kuma lensin da ya faɗi gilasansa kan goce. Dubi 'yan ɗigon zinariyar baya kar su zama sun yi tsatsa, dubi kan sukurorin, in sun cinye an taɓa buɗe shi.

Nan kyamarar yayanka zata yi maka rana, don lensinsa baya hawa taka amma naka yana hawa tasa. Roƙe shi ya raka ka, ku ɗaura ku ɗauki hoto nan take ku zuƙo a allo ku gani, kyauta ba ka ƙona fim ba. Sai dai tsakiya kawai zata nuna maka tunda sensarta ƙarama ce, gefuna sai a fim. Don haka ka yi magana da mai kaya tun farko cewa in rol na farko ya nuna matsala zaka dawo da shi, sannan a rol ɗin ka ware hoto shida, ka samu doguwar katangar bulo ka tsaya daidai gabanta da rana, ka ɗauka a 28 da 50 da 105, kowanne sau ɗaya a buɗe duka sau ɗaya a f/8, ka rubuta a takarda. In kusurwoyi huɗun sun yi taushi daidai da juna a buɗe suka gyaru a f/8 lafiya lau ne, haka yake. In ɓangaren hagu tar ne dama kuma dishi-dishi toh gilashi ya goce, mayar.

In ta intanet zaka saya, Jiji ko Facebook, nemi wanda ke garinku ku haɗu ka duba da kanka. In daga waje ne, 'yan Japan a eBay suna da kaya da yawa kuma galibi suna rubuta aibin kaya, sai dai a can ƙasan bayani suke rubutawa ba a kanun ba, kanun kullum yabo ne, ka sauka ƙasa ka karanta layin da ke maganar gilashi, ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan kafin ka ce ya yi araha.

In canji ya rage maka, kafin jaka mai kyau kafin komai, sayi EF 50mm f/1.8, ko na II na 1990 ko STM na 2015. Na san zum ka tambaya, amma koma kan lissafin falon nan, f/1.8 kusan ninki goma ne na hasken f/5.6, shi ne zai baka hoton dare ba filasha, hoton jariri a ɗaki da hasken taga, kuma yana cikin mafi arha a lensunan Canon. Zum da rana, 50 bayan magariba, su biyun a haɗe basu kai kuɗin L guda ba.

Ajiya kuma a ƙasarmu sai an kula, don yanayi biyu ne ke kashe lensi kuma kowanne da salonsa. Da hunturu ƙura ce, zum kuwa duk sanda ka zuƙo ka mayar iska yake ja yana fitarwa, don haka kar ka riƙa wasa da shi a cikin ƙura, kar ka canza lensi a fili iska na kaɗawa, kuma kar ka goge gilashi da gefen riga ko hula, ƙurar nan yashi ce tana karcewa, fara hure ta da ɗan famfon roba sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Da damina kuma danshi ne, funfuna tana son duhu da laima da iskar da bata motsi, wato cikin jakar fata a ƙasan akwati ko cikin wadrof, nan ne mafi munin wajen ajiya kuma nan kowa ke ajiyewa. Samu robar abinci mai murfi mai kamawa, zuba 'yan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi, ka riƙa shanya su a rana mai zafi ko ka canza su don suna ƙoshi da ruwa, ka riƙa fito da lensin yana ganin haske ko da baka da fim. Tsohon 35-80 ɗin in ka haska ka ga zare a ciki kar ka haɗa su roba ɗaya. Kar ka bar kyamara a cikin mota a rufe da rana, zafin yana narka man ciki ya zama hazon da muke gudu, fim ɗin ma yana lalacewa.

Ka sa masa filta UV mai lamba 58 ta kamfanin kirki irin Hoya, mai rufi, don mai arha sosai tana jawo ƙyalli ta ɓata abin da ka biya kuɗi a kai, sannan ka nemi hularsa, wato rumfar da ake ɗaurawa a gaban lensi don kare hasken gefe, EW-63 II ake ce mata, ko ta kwaikwayo ma ta wadatar. Da ranarmu mai ƙarfi hular nan tana ƙara wa hoto kala fiye da yadda kake zato kuma ita ke karɓar duka in ka bugi ƙofa. Sai dai in zaka kunna filashar kan kyamara ka cire ta tukuna, in ba haka ba inuwarta zata fito a ƙasan hoton, musamman a 28.